Kilo ba baƙo ba ne

Ƴan uwa manoma, kalmar kilo ta daɗe a bakinmu. Muna jin ta a kanti, da wurin sayen takin zamani, da ranar awon yara a gidan likita. Duk da haka da yawa cikinmu sun fi yarda da tiya, suna cewa kilo awon nasara ne.

Gaskiya ne, nasara suka kawo shi. A Faransa aka kafa wannan awo a shekarar 1795, domin su ma a lokacin kowace kasuwa da nata mudu. Kalmar kuwa daga harshen Girka aka aro ta, ma'anarta dubu. Cikakken sunan shi ne kilogaram, wato garam 1000, nauyin lita ɗaya ta ruwa. Shi ya sa direba ma yake cewa kilo, yana nufin mita 1000 na hanya.

Tiya tamu ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma tiya cika take aunawa, ba nauyi ba. Ana cewa tiyar hatsi kilo 2 da rabi ce, tiya 40 su cika buhu mai kilo 100. To, tiyar wa? Ta mai saye da kaka, mai faɗin baki, wadda ake yi wa tozo har da tarar hannu? Ko ta mai sayarwa da damina, wadda aka bubbuge wa gindi? Hatsinmu yana fita da babba, yana dawo mana da ƙarama. Sikeli ma akan yi masa hannu, amma wanda ya iya karanta lamba sai ya ɗora kwalin sukari mai kilo 1, nan take ya gane.

Wajen lafiya kuwa babu tiya sam. Jaririn da aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, wato nauyin tiyar hatsi guda, yana bukatar kulawa ta musamman. Maganin zazzaɓin cizon sauro ma da nauyin yaro ake ƙayyade shi. Uwar da ta iya karanta takardar awon ɗanta za ta ga da idonta in kilo ya tsaya ko ya ragu, ta koma likita tun ƙafa ba ta kumbura ba.

Don haka muke roƙon kowace ƙungiyar manoma ta sayi sikelinta kafin kaka. Malaman yaƙi da jahilci su ara, su kawo shi aji, kowa ya zo da tiyar gidansu a auna.