A Allo 499, A Kwalba Nawa?

Da zarar bazara ta kankama, rana ta fara dukan tsakar ka, sai masu hasashen farashin mai su fito da alƙalumansu. Wasu a gidan rediyo, wasu a Facebook, wasu a fadar shayi bayan la'asar. Kashi biyu ne. Akwai ƴan ganga, waɗanda da sun ji ɗanyen mai ya motsa a kasuwar Landan sai su ce bana lita sai ta kai kaza. Akwai kuma ƴan allo, su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi ɗaga murya: mai namu ne, a Agadem ake haƙo shi, a Damagaram ake tace shi, gwamnati ta ɗaure farashi, kowa ya kwantar da hankalinsa, babu inda za shi.

Ƴan ganga ba sa buƙatar doguwar amsa. A watan Afrilun 2020 gangar Brent ta faɗo ƙasa da dalar Amurka 20. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, ta haura 120. Duk wannan hawa da sauka, allon esansi a gidajen man Maraɗi ko gezau bai yi ba, sefa 540 ya nuna da farko, 540 ya nuna daga ƙarshe. Al'adar hasashen ma ta aro ce daga Amurka, inda farashi ke sauyawa kusan kullum, jama'a kuma ke ɗibar hanya da motoci lokacin hutun zafi. Can tana da ranarta. A Gazawa kuwa aikin baban giwa ne.

Da ƴan allo nake, domin rabin maganarsu gaskiya ce, shi ya sa take saurin shiga kunne. Ranar 23 ga Yulin 2024 hukumomin mulkin soja na CNSP suka sauke litar esansi daga 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. An yi murna, ban kuma ga laifin mai murna ba, ko da yake tamma gudan nan ta canji ba na jin akwai wanda ke tsayawa jiranta. Sai dai wa ke saye a farashin allo? Gidajen mai galibi a bakin babban titi suke, wanda ya taso daga Yamai ya ratsa Gidan Rumji, Tibiri, Cadawa, Agiye da Gazawa ya nufi Tasawa. Ka sauka daga kwalta ka yi tafiyar rabin sa'a cikin rairayi, cikin ƙauyukan Cadakori ko na Gangara, da wuya ka ga famfo. Abin da za ka tarar shi ne ɗan tebur a gindin bedi, kwalabe jere, jarka mai ruwan ɗorawa a ƙasa, da mazurari an ɗaure masa tsumma a baki don tace datti. Nan ɗan kabu-kabu ke sha. Nan mai lambu ke aiko yaro da galan. Nan ake bugun ƙofa tsakar dare idan naƙuda ta tashi, za a kai mace likita.

Cinikin wurin kowa ya san shi, da dalar sefa ake ƙirge. Dattijo ya tsaya da babur ya ce, "Yaro, nawa yau?" A ce masa, "Baba, ɗari da talatin ce." Ya ce, "Haba ɗana, jiya-jiya rediyo ta ce ɗari." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri Baba, ni ba wurin rediyo na saro ba."

Inda ya saro, can farashin yake. Shekara da shekaru, man da ke juya ƙafafun baburan kudancin Maraɗi yawancinsa ba na SONIDEP, kamfanin man gwamnati, ba ne. Na Najeriya ne, mai tallafi, wanda ƴan ruwa-ruwa ke shigowa da shi a jarkoki ta Sabon Birni, ta Jibiya, ta Ɗankama, ta kowace ɓarauniyar hanya, su sayar kusan rabin kuɗin gidan mai. A taƙaice baitulmalin Abuja ne ke rage wa manomin Agiye tsada. Buhari ya rufe iyaka a Agustan 2019, aka hana kai mai gidajen da ba su wuce kilomita 20 daga iyaka ba, amma jarka ba ta daina tsallakowa ba. Abin da kwastan da soja suka kasa, jawabi ɗaya ya gama shi: ranar 29 ga Mayun 2023, a wurin rantsar da shi, Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 a arewa cikin kwanaki, kafin 2024 ta fita kuma ta taɓa 1,000. A wannan ɓangaren namu kwalbar bakin titi ta tashi ta zarce allo. Gwamnatin Yamai ba ta ƙara ko tamma ba, gangar Landan ba ta yi wani tsalle ba, amma kuɗin kabu-kabu ya tashi, kuɗin kai buhun aya kasuwar Cadawa ya tashi, kuɗin ba lambu ruwa ya tashi. Cikin ƴan ganga da ƴan allo, wa ya hango wannan?

Wata biyu bayan jawabin Tinubu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Layin da ke kawo wa Maraɗi da Damagaram lantarki daga Katsina yake tasowa, a Gazawa yake sauka. Mai firjin ƙanƙara, mai cajin waya, mai walda, kowa ya koma janareto, ƙananan janaretocin kuwa esansi suke sha. Sai a Maris na 2024 iyakar ta buɗe.

Yanzu a zo kan "mai namu ne". Matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na Nijar, ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Ganga lita 159 ce, wato lita miliyan 3 da ɗoriya ke nan, kuma ba duka esansi ba ne, gazuwal ya fi yawa, ga iskar gas ta girki. Lokacin da aka buɗe ta an ƙiyasta buƙatar ƙasa a ganga 7,000, har ana alfahari da rarar da za a sayar wa maƙwabta. Wannan lissafin da gurgunta aka haife shi, don abin da famfo ya zuba kawai aka ƙirga, ba a ƙirga abin da kwalba ta zuba ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17, yau mun haura 25, babura ƴan Sin da ƴan Indiya sun cika kowane ƙauye, matatar kuwa tana nan yadda aka gina ta. Wani zai ce ai yanzu muna da bututu mai kusan kilomita 2,000 har gaɓar tekun Benin. Ɗanyen mai ne ke bi ta ciki, ba a kuwa zuba ɗanye a tankin babur. Matata ta biyu da aka yi alkawari a Dosso, sai ta fara hayaƙi za ta shiga lissafi.

A Maris na 2025 asiri ya tonu. Layuka suka miƙe a gidajen mai daga Yamai har cikin jihohi, SONIDEP da bakinta ta yarda cewa matatar ba ta iya cika buƙata tun da man Najeriya ya ja baya, aka koma neman tankoki daga Najeriyar. Duk tsawon wahalar nan allo 499 yake nunawa, famfo kuma a rufe. Ƴan allo sun ci gardama, farashi bai tashi ba. Mai ne dai babu.

Akwai abin da masu tafi ba sa son ji. Ribar ɗan ruwa-ruwa ita ce tazarar da ke tsakanin farashin can da na nan, bayan an cire kuɗin canji, kuɗin hanya da abin da ake ajiyewa a kowane shinge. Tinubu ya matse tazarar daga can, rage sefa 41 ya ƙara matse ta daga nan. Duk ɗan ruwa-ruwan da ya ga babu riba ya jingine babur, mutanen da yake shayarwa sai su juyo famfo, famfon kuwa daga matatar nan guda yake sha. Ba makokin fasa-ƙwauri nake yi ba. Jarkokin nan sun ƙone gidaje, sun ci rayukan samari a hanya, baitulmali kuma bai taɓa ganin harajinsu ba. Amma ba a cike tsohuwar rijiya sai sabuwa ta kawo ruwa.

Allon kansa ma, ranar da ya motsa sama, iyaka ce ta motsa shi. A Agustan 2022 gwamnatin Bazoum ta ɗaga gazuwal daga 538 zuwa 668 bayan ya yi ƙaranci, domin a maƙwabta ya fi tsada, ana ta kwashe na nan ana tsallakawa da shi. Wannan ƙarin na cikin abin da ya fito da ƙungiyar farar hula ta M62.

Kuma a daina cewa farashin ɗaure na talaka ne. Ranar wadata, kowa na ci. Ranar ƙaranci kuwa na wanda ke kusa da famfo ne, mai babban tanki, mai yaron aike da zai kwana a layi, mai sanayya da zai buga waya a ajiye masa. Abin da aka saya 499 da safe a birni, shi ne ake ɗurawa a kwalba da yamma a ƙauye, a sa masa kuɗin da aka ga dama.

In dai dole sai an yi hasashe, to a bar Landan a zo kasuwa. A tambayi ƴan canji naira nawa ake bayarwa a jika yau. A tambayi direban da ya fito Katsina nawa ya sha lita, tun da yanzu farashin can yawo yake yi tsakanin NNPC da matatar Ɗangote da ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. A dubi tankoki nawa suka shigo Maraɗi a makon. Sannan a dubi sama. Da bazara ƙishirwar mai ta fi tsanani, injinan ban-ruwa na ruri a Gulbin Maraɗi, wuta na ɗaukewa ana tayar da janareto. Da damina ban-ruwa ya lafa, amma gulbi ya kawo, hanya ta yanke, babur mai jarka huɗu ba ya tsallakawa, ga aljihu babu komai sai kaka. A yankin Gidan Rumji akwai ƙarin kuɗin da babu shi a kowane littafi, na ƴan bindiga, waɗanda tun 2019 suka koro dubban mutane daga ƙasar Sakkwato da Zamfara. Yaron da zai bi dajin Sabon Birni da jarka cikin dare sai ya sa kuɗin ransa a kan kowace lita. Shi ya sa rana ɗaya za ka ji kuɗin kwalba daban a Gazawa, daban a Gidan Sori, wanda ya ba ka lamba ɗaya ga ƙasa duka kuwa bai bar kwalta ba.

Muna da SIMA, wadda ta daɗe tana bin kasuwanni tana rubuta kuɗin gero, dawa da wake. Babu abin da zai hana a ƙara litar kwalba cikin jerin, a haɗa da adadin tankokin da SONIDEP ta tura wa kowace gunduma, a karanta a rediyon gari ranar kasuwa. Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba. Wuyar ita ce sai hukuma ta fara yarda a rubuce cewa akwai farashi na biyu, kuma shi mutanen ƙauye ke biya.