Rediyon intanet: kai ka saya, amma makullin na hannun wasu

Jama'a, akwai abin da masu sayar da rediyon intanet ba sa gaya mana. Akwatin nan ba ya kamo murya daga iska kamar na iyayenmu. Adireshin tasha yake bi a intanet, kuma tsarin sautin da ke cikin manhajarsa kaɗai yake ganewa. Ran da tasha ta sauya ɗayansu, yana iya yin gum.

An gani a 2015, da BBC ta daina watsa shirye-shiryenta ta tsarin Windows Media. Masu sauraro da dama a Ingila suka wayi gari na'urorinsu masu tsada sun bebance. A 2021 kuma aka rufe Reciva, rumbun da rediyoyi da yawa ke ɗauko jerin tashoshi daga cikinsa. Akwati lafiya lau, lasifika garau, amma ya koma kayan adon falo.

Na san tashoshin na da hujja, riƙe tsohon tsari kuɗi yake ci. To amma wa ake bari da asara? Bature ya sayi sabo. Mu nan zango galibi na hannu ke iso mana, wanda kamfaninsa ya daɗe da daina sabunta masa manhaja.

Don haka kafin ka biya, a kunna maka tashar da kake ji, ka kuma tambaya ko yana karɓar sabon adireshi da hannu. Tsohuwar rediyon Baba mai batir kuwa, kada a yi saurin miƙa wa 'yan gwangwan.