Ranar da soja ya tuɓe kaki, me zai kama?

Jama'a, babu unguwa a Matamaye, ko Kance, ko ƙauyukan da ke kewaye da mu, wadda ba ta da ɗa cikin kaki. Uwa ta sayar da ƙosai da rake ta sa shi lakwal, ya girma ya shiga soja, aka kai shi Difa ko Tilaberi, kullum zuciyarta a hannu. Mun ga abin da ya faru a Inates cikin Disamba 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama, da Shinagodar cikin Janairu 2020, inda muka rasa 89. Allah ya jiƙansu. To amma wanda Allah ya dawo da shi lafiya, ya gama aikinsa da sauran ƙarfinsa, me muka tanadar masa? Da yawa gadin shago suke komawa, ko kabu-kabu, alhali fanshon bai kai su tsakiyar wata.

Mu a ganinmu lokaci ya yi da ƙasa za ta kafa asusun karatu na soja, wanda zai biya masa horon sana'ar da ya zaɓa, har da tuƙin jirgin sama na farar hula ga wanda yake da kai da lafiyar yin haka. Kada wani ya yi dariya, domin wasu sun daɗe da yi.

A 1944, tun yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba, shugaba Roosevelt na Amurka ya sa hannu a kan dokar da ake kira GI Bill. Zuwa 1956 tsofaffin sojoji kusan miliyan 8 sun yi karatu ko sun koyi sana'a da kuɗin wannan doka. Cikin tsare-tsaren da suka biyo baya akwai wanda ƴan kasuwa za su gane nan take, saboda ya yi kama da adashe: ana cire wa soja dalar Amurka 100 kowane wata har wata 12, in ya zo karatu gwamnati ta ninka masa ninkin ba ninkin. Wanda yake son tuƙin jirgi, a makarantar tuƙi zalla, sai ya fara samo lasisin farko da takardar likita da kansa, sannan asusun ya shiga. Hikimar ita ce a tabbatar da gaske yake kafin a zuba dukiyar jama'a.

Me ya sa sai da taimako? Domin tuƙin jirgi hawa-hawa ne, kuma kowane mataki kuɗi ne. Lasisin farko yana buƙatar tashi na awa 40 zuwa 45, kuma bai ba mutum izinin karɓar ko dala ba. Lasisin yin sana'a yana neman kimanin awa 200. Zama kyaftin na babban jirgin fasinja sai an tara awa 1,500. Kowace awa akwai mai, akwai hayar jirgi, akwai ladan malami. A Turai cikakken horo kan ci Yuro dubu 60 zuwa dubu 100, wato sefa miliyan 40 zuwa 65. Ɗan mai tuwo-tuwo ina zai samo wannan? Shi ya sa sana'ar ta zama gadon ƴaƴan masu hali.

Wani zai ce, mu da ke fama da tsadar buhun hatsi, ina ruwanmu da jirgi? Ruwanmu da yawa. Duk ɗan kasuwar da ya tashi daga Yamai zuwa Dubai ko Sin sarin kaya, jirgin Ethiopian ko Turkish ko wani na waje yake shiga. Alhazanmu ma mafi yawa jiragen waje ke kwasarsu. Tun da Air Afrique ta rushe a 2002, kuɗin tikitinmu albashin ƴaƴan wasu yake biya. Ga ƙasa mai faɗi: daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota, jirgi kuwa bai cika awa biyu ba. Kamfani na gida ba zai tsaya da ƙafarsa ba muddin matuƙi da makaniki sai an yo hayarsu daga nesa da kuɗi masu nauyi, kuma a kan tikiti ake fanshe wannan nauyi.

Abin da ake buƙata bai yi mana nisa ba. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA tun 1963, tana horar da masu ba jirage hanya, da masana yanayi, da masu gyaran na'urorin filin jirgi. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964, kuma daga Ɗan Barto ta Daura da Kano tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba. Rundunar samanmu ma tana da gwanaye. A 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a sojan Nijar, abin da ya kamata kowace uwa a kasuwa ta faɗa wa ɗiyarta. Irin waɗannan sun riga sun tara awoyi a sama. Abin da ya rage musu in sun bar soja shi ne jarrabawar farar hula da takardar ƙwarewa a kan irin jirgin da kamfani ke aiki da shi, kuma wannan bai kai tsadar fara horo daga tushe ba. Da su ya kamata a fara, su da makanikansu.

Sai dai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2013 gwamnatin jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun shekara da shekaru ba aiki, saboda ba su da waccan takarda ta ƙwarewa, kuma ba a shirya da kamfanonin da za su ɗauke su ba. A Amurka ma, a 2015 jaridu sun fallasa wasu makarantun jirgi mai saukar ungulu da suka riƙa lafta wa gwamnati kuɗi fiye da kima a kan kowane tsohon soja. Duk mai sayar da kaya ya san ba a sarin abin da ba a san mai saye ba, kuma ba a ba dillali jaka a buɗe.

Don haka muna ba da shawara kamar haka. A kafa asusun da doka, yadda ba zai zama alfarmar wani babba ba. Kowace shekarar aiki ta ƙara wa soja haƙƙinsa. A biya makaranta kai tsaye, mataki bayan mataki, sai an ci jarrabawa a saki na gaba, kuma a yanka iyakar abin da za a biya. A zaɓi mutane ta hanyar gasa a fili, ɗan Matamaye da ɗan Yamai su zauna benci ɗaya. Kafin a tura kowa, hukumar ANAC da kamfanonin jirage su faɗi matuƙa nawa suke buƙata. Wanda ƙasa ta biya wa, ya yi wa ƙasa aiki na wasu shekaru kafin ya nemi waje. Wanda bai nufi jirgi ba, asusun ya biya masa permi na babbar mota, ko walda, ko aikin lantarki, ko noman rani. In soja ya rasu a fagen daga, haƙƙinsa ya koma kan marayunsa.

Ƴan kasuwa maza da mata, ku ne masu biyan patanti da kuɗin duwan, kuma tun da aka kafa asusun ceton ƙasa a Oktoba 2023 kuna zuba naku. Wanda ya zuba adashe yana da bakin tambayar ranar kwasa. Ku ɗaga wannan magana a taron ƙungiyoyinku, ku kai ta gaban perefe da gwamna da sarakunanmu, har ta isa Yamai. Yaran nan sun ba mu ƙuruciyarsu, bai kamata su dawo suna neman na cefane a bakin rumfunanmu ba.

Allah ya tsare sojojinmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.