Mai Kiyaye Haɗari A Wurin Gini: Ilmi Ko Riga?

Ran 11 ga watan Satumba 2015, a Makka, wata ƙugiya mai girman gaske ta rikito a kan Masallacin Ka'aba ana cikin iska da ruwa, ta hallaka mutum fiye da 100, har da alhazan Nijeriya. Da masu bincike suka duba, sai suka tarar an bar hannun ƙugiyar a miƙe sama, alhali kuwa masu ƙera ta sun yi umurni a sauke shi in iska ta yi ƙarfi. Aka daɗe ana shari'a, aka wanke kamfanin Bin Ladin, sa'an nan babbar kotu ta sa a sake dubawa, har a 2023 aka same shi da sakaci, aka ci shi tarar Riyal miliyan 20.

Wannan al'amari ya nuna amfanin wani ma'aikaci wanda ba ya ɗora bulo, ba ya kwaɓa siminti, amma ana biyansa albashi: mai kiyaye haɗari. Aikinsa ya zaga wurin gini tun kafin leburori su fara, ya duba tsani da katakan da magina ke takawa, ya duba ramin harsashi kada ya rufta da masu haƙa, ya duba wayar lantarki, ya tabbata kowa na da hular kwano, wanda zai hau can sama kuma an ɗaure shi da igiya. Shi ne kuma ya kamata ya dubi hadari ya taso daga gabas, ya ce a sauke ƙugiya. Ba shi ne injiniyan da ke lissafin rodi da kankare ba, ko da yake mutane da yawa suna gama su. Injiniya yana tsaron ginin, shi kuwa yana tsaron rayukan masu yinsa da masu wucewa a gindinsa.

A Ingila aka fi tsara wannan sana'a. Dokarsu ta 1974 ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata nauyin lafiyarsu, ta 1999 ta wajabta masa naɗa wanda ya cancanta ya taimake shi, ta 2015 kuwa ta kai nauyin har kan mai ginin kansa, ba ɗan kwangila kaɗai ba. Abin lura shi ne dokar ba ta tsaya ga takardar shaida ba, ta nemi horo da sani da gogewa a haɗe. Akwai jarrabawar da ake kira NEBOSH, wadda samari da yawa na Nijeriya ke biyan kuɗi masu yawa su zauna, mutum ya gama karatunta cikin makonni kaɗan. Takarda ce mai kyau, labudda. Amma malamai sun fi kowa sanin bambancin wanda ya haddace babi da wanda ya isa a tambaye shi fatawa. Yaron da bai taɓa ganin an zuba kankaren bene ba, in an sa masa riga mai walƙiya aka tsai da shi gaban birkilan da ya shekara talatin yana aiki, ba zai gane katakon da ya ruɓe ba, in ma ya gane ba za a saurare shi ba.

Sai dai ilmin ma ba shi ne babbar matsala ba. Babbar matsala ita ce wa ke biyansa. Ɗan kwangila ne ya ɗauke shi, shi ne kuma ke hasara duk ranar da aka tsai da aiki. Wanda tuwonsa ke hannun wani, da wuya ya ce masa tsaya. Abin da ya faru a Ikoyi, cikin Ikko, ran 1 ga Nuwamba 2021 ya isa misali. Bene mai hawa 21 ya rushe ana cikin gininsa, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar ya ce hawa 15 aka ba da izni. Injiniyoyin farko kuwa tun cikin 2020 sun rubuta takarda sun janye hannunsu daga aikin. Gargaɗi ya zo a rubuce, daga masana, aikin bai tsaya ba.

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Akwai dokar masana'antu ta 1987, wadda aka yi domin ma'aikatun da ke da inji, ba domin filin gini ba. Akwai ƙa'idar gini ta ƙasa ta 2006. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta sa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF. A 2014 kuma aka kafa wa masu wannan sana'a ƙungiyarsu bisa doka. Amma leburan da ake ɗauka da safe a bakin titi a sallame shi da yamma, sunansa ba ya cikin littafin kowa.

Nan ne maganar ta shafi attajirai. Yawancin benayen da ke tashi a kasuwannin Kano da Kaduna da Jos ba na manyan kamfanoni ba ne, na 'yan kasuwa ne masu son ƙara rumfuna. Cikin Agusta 2022 wani bene mai hawa uku da ake ginawa ya faɗi a Titin Beirut, tsakiyar kasuwar 'yan waya a Kano, aka rasa rai, wasu suka ji rauni. A irin waɗannan wurare ana zuba kankare a sama, ciniki na tafiya a ƙasa, masu talla da almajirai suna kai da kawowa. A da, in magini ya yi ha'inci, akwai Sarkin Magina da za a kai ƙara gare shi, kowa kuma ya san gidansa.

Attajirin da ke nufin gini yana da hanya guda a hannunsa wadda ba ta jiran gwamnati: shi da kansa ya ɗauki mai kiyaye haɗarin, ya biya shi daga aljihunsa, ya tambaye shi gini nawa ya tsaya a kai da kuma inda suke, sa'an nan a rubuta cikin takardar kwangila, gaban shaidu, cewa in ya ce a tsaya za a tsaya, kuma ɗan kwangila ba shi da ikon korarsa.