Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin Tasawa da Mayahi

Ya ku iyayenmu,

Maganar kuɗi na zo da ita, a gafarce ni idan ta yi nauyi a bakin ƙarami.

Galibin ikilisiyoyinmu na karkara ta ƙofa biyu suke samun kuɗi: baikon Lahadi haɗe da na godiyar kaka, sai kuma abin da ya zo daga waje. Ba butulci nake yi ba. Tun da mishan SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta zo Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, mun ci moriyar hannun baƙi. Amma kun ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: takunkumin CEDEAO, iyakar Najeriya a rufe wata da watanni, ga naira ta zube. Yaron da ke cin rani a Kano ya aiko da zakkarsa, aka canza ta zuwa sefa, sai ta koma abin tausayi. Ƙofar waje ba mu ke riƙe da makullinta ba.

Ku dubi hatsin godiya. Ana tara shi a gaban majami'a, gero da wake da gyaɗa, a yi waƙa, washegari a kai kasuwa domin albashin fasto ya makara. Lokacin nan ne kuwa tiya ta fi arha a duk shekara. Ɗan kasuwa ya saya ya kulle, in damina ta yi tsakiya rumbuna sun bushe, mu ne za mu koma wurinsa da tsada. Me ya hana ikilisiyoyin gunduma ɗaya su haɗa ɗakin ajiya guda? Ƙungiyoyin manoman ƙasar nan sun daɗe da sanin jinginar da hatsi: a zuba a sito, a sa kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na asusun lamuni, a karɓi rance a biya buƙatar kaka, a sayar bayan watanni. Wake kuma buhun PICS mai ruɓi uku yana tsare shi daga ƙwari ba tare da magani ba. Sai dai a yi hattara. Akwai shekarar da farashi ba ya tashi, don haka kada a ci bashin da ya kai darajar hatsin. Kuma kada a wayi gari unguwa tana kiran majami'a mai ɓoye abinci. A ware kaso a sayar da rangwame lokacin yunwa ga duk wanda ya zo, Musulmi ko Kirista, tunda rijiya ɗaya muke sha da su.

Dabara ta biyu ma ba daga nesa take ba. A jihar nan ta Maraɗi ƙungiyar CARE ta soma tsarin asusun Mata Masu Dubara a 1991, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun fi mu iya riƙon asusu, amma mun bar su da girkin taro. A ba su jarin jajayen awaki su yi kiwo, uwa ta zagaya gida gida, 'ya'yan a raba tsakanin mai kiwo da ikilisiya.

Inda akwai gonar ikilisiya, a yi mata sassaben zamani, wato a bar kututturan itatuwa su sake tsiro a kula da su. Ma'aikacin SIM ne, Tony Rinaudo, ya yaɗa shi a nan tun 1983, abin kunya ne a ce gonarmu ce babu gawo ko ɗaya.

Duk wannan ba zai yi ƙarko ba muddin lissafi yana aljihun mutum guda. Mai baiko da bai san inda jikkarsa ta shiga ba, baɗi zai rage hannu, ba kuma za ku ji daga bakinsa ba. Fasto ya fita daga riƙon kuɗi, don kare mutuncinsa. A naɗa ma'aji da mai bincike daban, mace ta kasance a ciki, a karanta shiga da fita a gaban jama'a da Hausa duk wata uku.

Ina roƙonku, ku sa wannan magana a taron dattawa kafin a yanke geron bana.

Ɗanku cikin bangaskiya.