Ku Daina Ƙirga Mana Dawaki



Mun gaji da gardamar da ke tashi duk lokacin da aka ga bidiyon jirgin ruwan tsere daga Fulorida ko Dubai. Wannan ya tambayi doki nawa ne, wancan ya tambayi kilomita nawa yake yi a awa, sai a naɗa mai babbar lamba sarki. Wannan lissafin dillalai ne, da shi ake raba mutane da kuɗinsu. Da gudu kaɗai ne mizani, da an rufe magana tun 1978, lokacin da Ken Warby ya yi kilomita 511 a awa a madatsar ruwa ta Blowering da ke Ostireliya, cikin jirgin katako da ya haɗa a bayan gidansa ya ɗora masa injin jirgin sama. Har yau ba a wuce shi ba. To wa zai saka iyalinsa a irin wannan jirgi?

Inji ƙarfi kawai yake bayarwa. Abin dubawa shi ne hanyar da ƙarfin ke bi ya isa ruwa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka duk ƙarfen da ya nutse a ƙarƙashin jirgi birki ne. Ka ninka gudu biyu, jan da ruwa ke yi wa ƙarfen nan ya ninka kusan huɗu. Akwai tsari huɗu da ake fafatawa a kansu, kuma kowanne akwai abin da masu tallarsa ba sa son faɗa.

Mu fara da wanda aka fi yi wa kirari, wato farfelar saman ruwa, irin wadda Howard Arneson na Kalifoniya ya shahara da ita. Sandar farfela tana fita miƙe ta bayan jirgi, idan gudu ya kankama rabin farfelar a ruwa yake, rabi a iska. Ba giyar da ke jan ƙasa a cikin ruwa, shi ya sa gudunta yake da ban tsoro, kuma ita ke tayar da doguwar jelar ruwan nan da ke burge masu kallo. Mun yarda, a buɗaɗɗen teku da gudu mai tsanani da wuya a kamo ta. Amma kafin jirgi ya ɗago ya hau saman ruwa sai inji ya sha wahala. Komawa da baya aiki ne, shiga matsattsen wurin ɗaure jirgi kuma sai gwani. Ga farfela mai kaifi can nesa da jikin jirgi, daidai inda mai iyo zai nemi hawowa.

Na biyu shi ne mai ƙafa: inji a cikin jirgi, ƙafar giya a waje. Kamfanin Volvo Penta ya fito da shi kasuwa a 1959 bisa aikin Jim Wynne, MerCruiser ya biyo baya a 1961. Yana da daɗin tuƙi, nauyin inji yana ƙasa, ana iya ɗaga ƙafar ko sauke ta don daidaita hancin jirgi. Sai dai ƙarfin inji yana shan kwana biyu a cikin haƙoran giya kafin ya kai farfela. Jirgi ya yi tsalle a kan igiyar ruwa, farfela ta fita iska ta yi ta wulwulawa, sannan ta dawo ta cafki ruwa, haƙoran nan ne ke biyan bashin. Akwai kuma robar da ke rufe mahaɗar ƙafar da jikin jirgi. Idan ta tsufa ta tsage, ruwa zai riƙa shiga a hankali, jirgi ya nutse a inda aka ɗaure shi mai shi yana barci a gida.

Na uku mai feshi ne. Famfo ke zuƙo ruwa ta ƙarƙashi ya feso shi ta baya. Bill Hamilton ya ƙera nasa a shekarun 1950 domin kogunan ƙasar Niyu Zilan marasa zurfi masu tsakuwa. A 1960 irin jiragensa suka haura kogin Kolorado ta kwazazzabon Grand Canyon, a 1977 kuma Edmund Hillary ya haura kogin Ganga na Indiya da su. Inda ruwa bai da zurfi ba shi da na biyu, kuma ba farfela a waje da za ta yanki mutum. Amma bakin da ke zuƙar ruwa ba ya zaɓe: ciyawa, leda, yashi, duk haɗiya yake. Sannan feshin shi ne sitiyari, ka saki totur a firgice jirgi ya ƙi juyawa.

Na huɗu shi ne injin ratayawa, wanda wasunmu ke rainawa wai na kwale-kwalen fito ne. Su duba da kyau. A 2019 Mercury ya fitar da mai doki 450, a 2021 ya fitar da mai silinda 12 da doki 600. Yau ana jera huɗu ko biyar a bayan jirgi guda. Shi ma da nasa aibin: nauyi yana taruwa a baya kuma a sama, yana shan fetur ba tausayi, kuma inji huɗu sabis huɗu ne.

Duk da haka ga matsayarmu ƙarara. Duk wanda ba tsere zai shiga ba, injin ratayawa ya fi masa. Ana ɗaga shi gaba ɗaya daga ruwan gishiri idan an tsaya, tsatsa ta rage cinsa. Bakanike yana kai hannu gare shi ba tare da ya kwanta rub da ciki a cikin jirgi ba. Ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa, sauran su kawo ka gaɓa. Ya lalace ƙwarai, a kwance shi a rataya wani. Masu fito a kogin Neja, daga Yawuri har Lakwaja, sun gane wannan tuntuni da ƙananan Yamaha ɗinsu.

Za a ce mana ai manyan jiragen tseren duniya inji a ciki suke sawa. Gaskiya ne. Amma mutum biyu ke zama a cikinsu, ɗaya a sitiyari ɗaya a totur, a gaɓa kuma ga ayarin kanikawa da ke buɗe inji bayan 'yan awoyin aiki. Wanda ya sayi irin kayansu ba shi da irin ayarinsu, ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansa.

Saboda haka idan aka sake kawo mana lamba, mu mayar da tambaya. A wane ruwa za a tuƙa shi? Wa zai zauna a ciki? Ranar da ya tsaya, wa zai gyara, kuma kayan gyaran kwana nawa za su yi a hanya? Dillalin da ya fara kame-kame a nan, ku riƙe kuɗinku ku yi masa sallama.

Allah ya tsare mu a ruwa da tudu.