Tarin Alhaji Ba Tsarabar Makka Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa Musulmi na zango, akwai wata al'ada da ya kamata mu bari. Alhaji ya komo yana tari har wata biyu, yana ramewa, yana gumi da dare, sai mu ce ai ƙurar Mina ce. A ba shi zamzam da zuma, shi ke nan. Haba jama'a!

A hajjin 1994 likitoci sun duba alhazai 64 da aka kwantar a asibitocin Makka saboda ciwon huhu, tarin fuka ne ya fi yawa a cikinsu. A hajjin 2015 kuma aka gwada kakin alhazai masu tari fiye da dubu, har da 'yan Nijeriya, aka sami 15 da cutar ba su sani ba.

To, su wa muke turawa cikin wannan cinkoso? Tsofaffinmu da masu ciwon sukari, waɗanda ƙarfin jikinsu ya ragu. Ƙwayar cutar nan takan kwanta shiru shekaru, sai jiki ya yi rauni ta tashi. Mai ƙanjamau kuwa, tana iya cinsa ba tare da tari mai yawa ba.

Allurar sanƙarau mukan yi, don hukumar Saudiyya ta tilasta. Gwajin ƙirji kuwa mun ƙi, wai abin kunya ne. Kunyar me? Tari in ya kai mako biyu, a kai kaki asibiti. Maganin wata shida ne, ana warkewa. Wanda ya ɓoye, jikokinsa da abokan sahunsa zai shafa wa.

Allah ya kiyashe mu, amin.